Me Za Mu Gaya Wa Yaranmu Idan Suka Tambaye Mu?

Jaririn da aka haifa ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, ranar da rikici ya tashi daga Kongo-Rasha ya game gari, yau ya isa aure, wataƙila ma ya ajiye ɗa. Bai san Jos ɗin da muka sani ba. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002 yana goye a bayan uwarsa, kangonta kawai ya tashi ya gani. Mu kuwa mun yi zamanin da naman layya ke shiga gidan Birom da Jarawa da Anaguta, shinkafar Kirsimeti ta shigo namu, muka zauna benci ɗaya da 'ya'yansu a firamare. Shi ya buɗe ido ne ya tarar an raba gari: Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos, Dilimi namu, Unguwar Rukuba, Kabong, Jenta nasu.

To, dole wata rana yaro ya tambaya: "Baba, me ya sa ba ma bi ta can?" Amsar da uba zai bayar a wannan minti ɗaya ta fi nasihar shekara nauyi, kuma a kanta ne mu iyaye muka rabu.

Akwai masu cewa a yi shiru, abin da ya wuce ya wuce, kada a ɗora wa yaro kayan da ba nasa ba. Niyyarsu mai kyau ce, amma shirun ba ya aiki. Abin da uba ya ƙi faɗa a zaure, majalisar bakin titi za ta faɗa, wayar da ke aljihun yaro za ta nuna masa da hotuna, babu mai tace masa. Ban da haka, yaron da bai san komai ba yana cikin haɗari. A Agustan 2021 matafiya ne masu dawowa daga Bauchi aka tare a hanyar Rukuba aka kashe fiye da 20, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Uban da bai koya wa ɗansa inda zai bi da inda zai kauce ranar da gari ya ɗauki zafi ba, ai bai sauke nauyi ba.

Sai masu cewa a faɗa musu komai don kada a yaudare su. Yawancinmu a nan muke, kuma a nan matsalar take, domin abin da muke kira "komai" rabi ne. Muna ba su labarin Kuru Karama, Janairun 2010, inda aka kashe Musulmi aƙalla 150, aka jefa gawarwaki cikin rijiyoyi. Gaskiya ne, ya faru, kuma babu mai hana mu faɗa. Amma iyaye nawa ne a unguwar nan suka taɓa ambaton Dogo Nahawa a gaban 'ya'yansu, inda a daren 7 ga Maris na shekarar nan aka yi wa ƙauyen Birom kisan gilla, akasari mata da ƙananan yara? Muna tuna hanyar Rukuba, muna tsallake Yelwan Zangam, wanda bai fi kwana goma sha ɗaya tsakaninsu ba. A can ƙetaren titi kuma wani uba yana zaune da nasa yaran yana yin irin namu, sai dai shi ya fara daga inda muka tsallake. Kowane yaro sai ya tashi da yaƙinin cewa su kaɗai aka zalunta. Ku duba fa, babu wanda ya yi wa ɗansa ƙarya a cikin iyayen nan biyu, amma kowanne ya bar shi da hoton da ba daidai ba.

Wani zai ce, to mu muka yi Dogo Nahawa? Ba mu ba ne. Haka ita ma matar da ke kawo dankalin turawa da kabeji Farin Gada ba ita ta yi Kuru Karama ba. Idan muna son kada a ɗora mana laifin da ba mu yi ba, da wane baki za mu koya wa yaro ya ɗora mata? Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba: babu rai da ke ɗaukar zunubin wani, kuma ƙin wasu mutane ba ya halatta rashin adalci gare su. Wannan yara na haddacewa a Islamiyya da yamma, su dawo gida da dare su ji muna yi wa al'umma guda kuɗin goro da kalma ɗaya. Kun san kalmar da muke nufi, wadda ke fita bakinmu ba tare da mun ji nauyinta ba. Mu kuma idan aka kira mu baƙi a garin da kakanninmu suka zo tun zamanin haƙar kuza, wasu tun kafin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, sai ranmu ya ɓaci. Yaro ba ya koyon abin da muka ce masa ya yi, abin da ya ji muna faɗa lokacin da muka manta yana wurin shi yake ɗauka.

Wannan ba ya nufin mu koya musu sunkuyar da kai. Yaron da ya gama sakandare ya nemi takardar zama ɗan asalin gari aka juya shi, yana da haƙƙin a gaya masa cewa wannan ba daidai ba ne, a kuma nuna masa hanyar neman haƙƙi: ilimi, ƙuri'a, kotu, haɗin kai. Sai dai fushin da ya kamata ya nufi tsari da 'yan siyasar da ke cin moriyarsa, kada mu juya shi kan abokin karatunsa a Jami'ar Jos.

Abin da ya fi wuya shi ne raba taka-tsantsan da ƙiyayya, domin a kunnen yaro kusan muryarsu ɗaya. "Idan ka ji gari ya rikice kada ka bi ta Gada Biyu, ka kira ni" magana ce a kan hanya da lokaci. "Mutanen can ba su da amana" magana ce a kan mutane, kuma ita ba ta da ranar ƙarewa. Ta farko tana tsare ransa. Ta biyu ita yake ɗauka ya fita da ita ranar da wani ya miƙa masa dutse.

Akwai kuma labaran da muke da su amma muke rowarsu. Da wuya ka samu layi a unguwar nan da babu wanda wani maƙwabci Kirista ya ɓoye a ɗakinsa a 2001 ko 2008, ko wanda ya ɓoye nasa maƙwabcin. A watan Yunin 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar, dattijo mai shekara fiye da 80, ya buɗe masallacinsa da gidansa ga mutum 262, akasarinsu Kiristoci Birom. Matan ya sa su cikin gida, mazan cikin masallaci. Da maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu har suka tafi. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Daga nan zuwa Barikin Ladi tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, amma a gwada tambayar yaran layinmu sunansa bayan sallar isha'i, a ga mutum nawa za su amsa.