Ɗanyen Katako a Ƙarƙashin Fenti: Gargaɗi ga Kafintocin Douala

Ya ku 'yan'uwana kafintocin Ndogpassi da New Bell, wata muguwar ɗabi'a ta shigo sana'arku ta cikin waya, kuma kullum ƙara yaɗuwa take yi. Masu yinta na ce mata talla. Sunanta na gaskiya algus.

Mai shago zai kwaso hoton gado da sif daga intanet, aikin wata masana'anta ta Turkiyya ko Sin, ya ɗora a Facebook ko WhatsApp ya ce aikin hannunsa ne. Uwar amarya, wadda ta shekara tana zubin adashi, ta gani ta yaba, ta tura kafin alƙalami ta Orange Money. An yi ciniki a kan iroko. Sai ya zagaya ya sayo ayus, ɗanye ma kuwa, ya rina shi, ya lafta masa fenti mai ƙyalli, ya ce ga kaya.

Kun fi kowa sanin bambancin. Iroko yana da nauyi, gara ba ta samunsa da sauƙi. Ayus fari ne, sakayau, ƙwaro ba ya daɗewa bai huda shi ba. Yana da nasa amfanin, kuma sayar da shi da sunansa halal ne. Haramcin yana wajen laƙaba masa sunan wani icce a karɓi kuɗin wancan.

Ɗanyantar ta fi muni. Ruwan da ke zuba a Douala ya haura milimita 3,500 a shekara, iska kuma jiƙe take, shi ya sa katako ke cin watanni kafin ya bushe. Ga shi 'ya'yanmu da yawa Ngaundare ko Garwa ko Marwa ake kai su aure. Hunturun farko yana busowa, katakon ya tsotse, ƙofar sif ta karkace, allon gado ya dare. Amarya ko shekara ba ta yi ba, kayanta sun koma itacen girki, uwarta kuma ba ta gama biyan bashi ba.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji lema a ƙasa. Ya tuhumi mai kayan don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama kowa ya gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Mece ce marabar waccan lemar da wadda kake rufewa da fenti?

Ko ta fuskar kasuwa ma hasara ce. Babu tallan da ya kai ɗakin amarya. Mata za su zo ganin ɗaki, su shafa, su buɗe, su tambayi wa ya yi. Bakin da ya yaɗa sunanka ranar jere, shi zai yaɗa shi ranar da gadon ya dare, kuma a unguwannin nan masallaci ɗaya muke, biki ɗaya muke. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ga kuma yaran shago suna kallonka, maigida. Tare da riƙon zarto suke koyon ha'incin, gobe su buɗe nasu shagon da shi.

Don haka ka ɗauki hoton abin da hannunka ya ƙera, ko da bai kai na Turkiyya ado ba. Ka rubuta sunan katako da ranar gamawa a rasit. Ka kira mai kaya ya gani kafin a shafa fenti. In damina ta hana katako bushewa, ka faɗa tun kafin ka karɓi ko dala. Ke kuma uwar amarya, ki taka zuwa shagon, ki sa a ɗaga miki allon ki ji nauyinsa.

Allah Ya sanya wa sana'arku albarka, Ya tsare mu daga ciyar da iyalanmu da hakkin wani.