Kalan Gyaɗa, Rabon Wa?

Idan kaka ta yi, aka tuge gyaɗa, sai yara su bazama gonaki da 'yan ƙorensu suna kala. Mai gona yana gani, ba ya hanawa. Shin me ya halatta wa yaro abin da bai shuka ba? A ganinmu ba sakacin manomi ba ne, rabo ne da al'ada ta ware wa marar gona. To, mu da ke kai 'ya'yanmu ƙauye shan iska fa? Namu a ƙoshe yake, wasa ya kai shi. Marayan da ke tono kusa da shi kuwa miyar gidansu yake nema. Mu bar namu ya tona ya ji daɗi, amma in za a tashi, ya juye a ƙwaryar marayan.