Jinin Fara

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:24-28

Duk wanda ya taɓa fige fara don suya ya san yatsunsa ba sa yin ja. Wani ruwa ne ke fitowa, kore-kore ko rawaya-rawaya, shi ne jininta. A nan Sheda ba sai ka shiga ɗakin gwaji na SHESTCO, cibiyar kimiyya da aka kafa a 1993, kafin ka ga wannan ba. Gonar dawa ta bakin hanyar Lokoja ta ishe ka.

Jininmu jijiya yake bi, kamar ruwan famfo a bututu. Na fara kuwa a sake yake. Zuciyarta siririya ce, ta bi gadon baya, tana tura jini wajen kai. Daga can sai ya malale cikin kogon jiki, ya jiƙa hanji da tsoka da ƙwai, sannan ya komo zuciya ta wasu 'yan ƙofofi. Ba ya ɗaukar iska, shi ya sa ba ja ba ne. Numfashi yana da nasa ramukan a gefen jiki. Aikin jinin shi ne raba abinci, kwashe datti da yaƙar cuta. Babu gaɓar da ke bin layi, kowacce tsamo-tsamo take a cikinsa.

Mu kan ɗauki alherin Allah kamar ruwan famfo: yau ya zo, gobe an ɗauke, sai mu ce ya manta da unguwarmu. Bulus ya nuna wa mutanen Atina cewa ba haka ba ne. Mahalicci bai yi nisa da kowa ba, a cikinsa ma muke. Kana jiƙe cikin alheri ko ranar da aljihu ya bushe.

Dubi malam-buɗe-littafi ranar da ya fito daga kwasfa. Fikafikansa a cukurkuɗe suke. Sai ya rataya shiru, yana tura irin wannan jini cikinsu har su miƙe, su bushe. In aka hana shi wannan zama, haka za su sandare, ba zai yi tashin kirki ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ki ɗauki tulu, kafin ka saɓa fartanya, a ɗan zauna shiru a gaban Allah. Abin da zai miƙe fikafikanka yana tare da kai tun jiya.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu ga alherin da muke cikinsa, ka miƙe abin da ya lanƙwashe a zukatanmu yau. Amin.