Boris Uku a Damina Ɗaya

Kawuna yana da injin niƙa a wani ƙauye tsakanin Ruma da Batsari, irin mai shan gas ɗin nan da ake murɗawa da hannu kafin ya tashi. Inji a gefe, maniƙa a gefe, bel ya haɗa su. Hantsi na yi yara mata za su jera kwanuka, wannan gero, wannan dawa, waccan busasshen rogo, don ƙasar Batsari ƙasar rogo ce.

A daminar 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, injin nan ya kama rawa. Inji mai silinda ɗaya dama yana da bugunsa, kunnen mai shi ya saba. Wannan daban ce, girgiza ce mai sa murfin kwano tafiya a kan benci. Boris ɗin shaf ya ɗau zafi, ya yi ta kuka, ya fashe. Ranar Alhamis aka sayo wani a kasuwar Batsari. Mako uku, ya mutu. Aka ce jabu ne, aka aika Katsina aka sayo mai tsada. Shi ma ya bi sahu.

Bayan na ukun ne aka ɗauko wani dattijon bakanike daga Safana. Ina wurin, kuma har yau ina tuna cewa bai ko kalli boris ɗin da muke ta miƙa masa ba. Bel ya sa aka cire, aka tayar da inji shi kaɗai. Ya aza tafin hannu a kansa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wannan lafiyarsa lau, ku kashe." Da abu ɗaya ya raba matsalar gida biyu ya jefar da rabi.

Sai ya koma kan maniƙa. Ya riƙe alli daf da shaf, yaro yana juya shi a hankali. Da ƙarfen ya lanƙwashe, allin zai taɓa gefe ɗaya ya tsallake ɗaya. Zanen ya zagaye cif. Ya nemi zare, ya miƙa shi a fuskar fuli biyun, na inji da na maniƙa. A nan gizo ke saƙa: zaren ya kwanta a kan ɗaya, a ɗayan kuwa ya bar rata. Dattijon ya durƙusa, ya soka sukundireba cikin katakon da aka ɗaure ƙafar maniƙa a kai. Ta shige kamar cikin dafaffen dankali.

Ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ga huda a kwano, daidai saitin wurin.

"Alhaji, ruwa ke cinye maka boris," in ji shi.

Kawu ya ce, "Ruwa kuma, Baba?"

Ya zayyana masa tiryan-tiryan. Yoyo ya ruɓar da katako, ƙafa ɗaya ta nutse da abin da bai kai kaurin yatsa ba, shaf ya karkace, bel ya fara zamewa. Yaron inji, don kada layi ya tsaya, ya riƙa ƙara ɗaure bel tamau. Duk wannan ja na gefe a kan boris yake sauka.

Daga baya na karanta yadda masu ƙananan jiragen ruwa a Turai da Amurka, waɗanda iska ke turawa amma suna da ɗan injin gas, ke binciken irin wannan girgiza, sai na ga tafarkin dattijon nan ne sak. Su ma sai su fara barin inji yana aiki ba a sa giya ba. In ya yi rawa a haka, laifin inji ne ko robobin da yake zaune a kai. In sai an sa giya, a duba farfela ko igiya ta naɗe ta, a duba shaf, a auna mahaɗarsa da inji, inda ratar da aka yarda da ita ba ta fi kaurin takarda ba. Kuma sai jirgin na cikin ruwa suke kammala saitin, don gangar jikinsa tana sauya zama in an sauke shi daga tudu. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya san wannan da zare da alli.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka yi wata biyu muna zagin boris, muna zagin masu sayar da shi. Mun bar jaki muna dukan taiki. Boris shi ne ke ɗauke da nauyi, shi ya sa shi ke fara kuka, mu kuma mai kuka muke kamawa. Ina ganin haka a gidajenmu, kuma yana ƙona mini rai. Yaron da ya baro ƙauyensu na bakin dajin Rugu da tsakar dare, yanzu yana firgita a aji, ya kasa riƙe karatu, sai a ce daƙiƙi ne, a ƙara masa bulala. Wannan ƙara ɗaure bel ne. Matar da kullum kanta ke ciwo, a saya mata ƙwaya a kemis, ba mai tambayar ƙarfe nawa take kwanciya, ko bakuna nawa take ciyarwa tun da 'yan gudun hijira suka cika gidan.

Dattijon ya sa aka sauya katako, ya saita fuli da zarensa, ya sassauta bel har yana ɗan lotsawa in an danna da babban yatsa. Kawu ya ce a tayar a gwada. Ya girgiza kai, ya nuna sama da sifana.

"A fara hawa a liƙe kwanon nan tukuna. Ga hadari can ya taso ta gabas."