Wa Ke Cin Gumin Yaran Nan?

  

Ya 'yar uwa mai karatu, a wannan fitowa za mu tattauna ne a kan wani haƙƙi da ake ci kullum rana ta Allah, a gonaki da wuraren haƙar ma'adinai da masaƙu da kuma cikin gidaje, wato haƙƙin yaron da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsa, sannan wani ya karɓe ladan.

A shekarar 2025 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tare da asusun UNICEF sun fitar da ƙididdiga cewa a 2024 yara kusan miliyan 138 ne ke cikin irin wannan aiki a faɗin duniya, miliyan 54 daga cikinsu kuma aikin nasu na da haɗari ga lafiya ko ma rai. Kusan kashi biyu cikin uku suna nan Afirka, kudu da Sahara, kuma mafi yawansu a gona suke. An samu sauƙi, domin a shekarar 2000 adadin ya kai miliyan 246, amma alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka na kawar da abin kafin ƙarshen 2025 bai cika ba.

To, lissafin miliyoyi ba ya cika taɓa zuciya, don haka bari in ba ki labarin yaro guda. Iqbal Masih ɗan ƙasar Pakistan ne, daga garin Muridke kusa da Lahore. Yana ɗan shekara huɗu aka miƙa shi ga wani mai masaƙar darduma a kan bashin rupi 600 da gidansu suka ci. Wai zai yi aiki har bashin ya biya. Yana wuni a tsugune gaban masaƙa kimanin awa goma sha biyu yana ƙulla zare, ladansa rupi ɗaya a rana. Abincin da ya ci a rubuta a kan bashin, in ya yi kuskure a saƙa a ci shi tara a ƙara a kai. Kin ga ke nan yana aiki bashin yana hauhawa, har ya kai rupi 13,000. Sai da ya shekara goma sannan ya kuɓuta, a 1992, shekarar da ƙasar ta yi dokar soke bautar bashi. Ya shiga makaranta, ya je har Suwidin da Amurka yana bayyana wa duniya halin da sauran yaran ke ciki. Ranar 16 ga Afrilu 1995 aka harbe shi a kusa da garinsu, yana ɗan shekara goma sha biyu.

Iqbal Kirista ne, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kuma wannan bai rage nauyin haƙƙinsa ko ƙwayar zarra ba. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu bin Jabal (RA) zuwa Yaman, wurin mutanen da ba su musulunta ba tukuna, ya gargaɗe shi da ya kiyayi addu'ar wanda aka zalunta, don babu shamaki tsakaninta da Allah.

Baturen da ya sayi dardumar nan a kantin ƙasarsu yana iya cewa bai ga hannun da ya saƙa ta ba. Ke fa, 'yar uwa? Da yawanmu hannun yana cikin gidanmu, muna kallonsa safe da yamma. Dillaliya ta ɗauko yarinya 'yar shekara tara ko goma daga ƙauye ta kawo miki. Ƙarshen wata ita za ta zo ta karɓi kuɗin, ta yanki nata, ragowar a aika wa uwar wai ana tarin kayan ɗaki. Yarinyar ko sisi ba ta riƙe ba. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ita ke goya jariri, ita ke wanke-wanke da shara, ita ke ɗauko wa 'ya'yan gida jakar makaranta ta kai su bakin mota, ta dawo ta ci ƙanzo. La'asar ta yi yara su tafi Islamiyya, ita tana bakin murhu, ko Fatiha ba ta gyara ba. Ranar da faranti ya suɓuce ya fashe kuwa, bayan duka sai a ce za a cire a kuɗin wata. Don Allah mene ne bambancin wannan da tarar da ake rubuta wa Iqbal?

Ba taimakon gida muke hanawa ba. Yarinya ta yi shara, ta koyi girki a hannun uwarta bayan ta dawo makaranta, wannan tarbiyya ce, kowa da ita ya tashi. Abin da ake magana shi ne aikin da ya hana yaro karatu, ko barci, ko ya taɓa lafiyarsa.

Na san amsar da wasu ke bayarwa: ai iyayenta matalauta ne, taimakonsu nake yi. Gaskiya ne talauci ne ke koro yaran nan, babu uwar da ke son rabuwa da 'yarta haka kawai. Amma mu ji tsoron Allah mu faɗa wa kanmu gaskiya. Me ya sa ba ki ɗauki babbar mace ba, ga zawarawa da matan da mazajensu suka rasu suna neman abin yi? Saboda babba za ta yi ciniki, za ta ce ta gaji, za ta iya tafiya. Yarinya kuwa araha ce, kuma ba ta da bakin magana. In taimakon ne da gaske, ai ƙofar sadaka a buɗe take, ba sai an haɗa da gumin 'yar mutane ba.

A hadisin Abu Zarri (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya kira masu hidima 'yan uwan waɗanda suke yi wa hidimar, ya yi umarni a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to a kama musu. Anas bin Malik (RA) ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga bakinsa ba, kuma a gidan nan ya sami ilimin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin sahabban da suka fi ruwaito hadisi. Wacce ta shekara goma a gidanki, da wane ilimi za ta fita? Akwai kuma wanda ya fi tayar da hankali: Bukhari ya ruwaito cewa mutum uku Allah da kanSa ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa.

Ita ma babbar mai aikin tana da nata haƙƙin. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san aikin kuma a san ladan tun kafin a fara, saboda haka "ki zo dai, ba za mu ɓata ba" ba ciniki ba ne. Yarjejeniyar da ILO ta yi a 2011 kan masu aikin gida ta tanadi hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. Mu nawa ne ke bayarwa?

In yarinyar tana gidanki yanzu, korarta yau da dare ba shi ne gyara ba, wani gidan dillaliyar za ta kai ta. Ki sa ta makarantar boko da Islamiyya tare da naki, ki rage mata aiki daidai shekarunta, ki nemi hanyar da kuɗin zai isa hannun iyayenta ba tare da an yanka ba, ki bar ta ta je ganin gida. Sannan ki zauna ki lissafa duk abin da kika taɓa cirewa na faranti da kofi, da watannin da kika ce sai an yi albashi aka manta. Bashi ne a kanki, ki biya ta a hannunta.