Titi Na Wane Ne?

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, magajiyar garin Faris, Anne Hidalgo, ta rufe titin Rivoli ga motocin shiga, ta buɗe wa masu kekuna. Masu gidajen abinci kuma aka yarje musu jera kujeru a wuraren ajiye motoci. Da sunan gwaji aka fara, amma hanyar keken ta zauna daram.

Da farko na yi murna, domin mota guda tana cinye filin da mutane da dama za su zauna su ci abinci. Daga baya na sake tunani. Mai shan gahawar nan ma, ai kuɗinsa ne ya ba shi kujera. Tsohon da ba ya iya hawa keke, aljihunsa kuma wayam, shi fa ina zai zauna?