Cikon Haƙori: Magani Ne Ko Ado?

Tambayar cikon haƙori ta yawaita a saƙonnin da ake turo mini, kuma kusan duk siga ɗaya ce: likita ya ce haƙori ya yi kogo, ya jera wa mutum abubuwan da ake cikewa da su, shi kuma yana son sanin wanne ne halal.

Akwai wanda likitoci ke kira amalgam, mai launin toka. Haɗin azurfa da kuza da jan ƙarfe ne, kusan rabin nauyinsa kuma zaiba ce, ruwan ƙarfen nan na cikin ma'aunin zafin jiki irin na da. Yana da araha, yana jure tauna, yakan kai shekara 10 zuwa 15. Akwai mai launin haƙori, wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare. Ba mai gane an yi ciko, amma ya fi tsada, kuma a turame, inda aikin tauna yake, yakan riga wancan gajiya. Sai zinare, da ya fi su daɗewa, ya kuma fi su cin aljihu.

Biyun farko babu ja a kansu, neman magani ne. Ba su shiga babin canza halittar Allah ba, domin abin da aka hana shi ne a goge lafiyayyun haƙora a buɗe wushirya don kwalliya. Gyara abin da ya lalace daban ne.

Maganar tana kan zinare, tunda an haramta wa namiji sanya shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Daga nan malamai suka halatta zinare a haƙori saboda lalura. To amma ku lura da jerin abin: da azurfa ya fara, sai da ta kasa aka koma zinare. Yau da likita yake da abin da zai wadatar, namiji ba shi da uzuri, sai fa in amintaccen likita ya ce ba abin da zai riƙe wannan haƙorin in ba shi ba. Mace kam halal ne gare ta, in ba a kai ga almubazzaranci ba.

Nan ne haƙorin Makka yake ba ni mamaki. Mutum zai miƙa lafiyayyen haƙorin gaba a kankare shi a lulluɓe da zinare don a san ya je, alhali turminsa na can baya yana ruɓewa, yana ta ɗura masa kanumfari. Alhaji, wa ake son ya gani? Kogon da za a cike yau da kuɗi kaɗan, in ya kai ga jijiya sai babban aiki, ko a cire haƙorin gaba ɗaya. Jikin nan amana ne, wallahi jinkirin ya fi damuna a kan launin ciko.

Batun zaiba kuma, Tarayyar Turai ta hana amalgam daga farkon 2025 sai inda likita ya ga tilas, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta shawarci masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda su guje shi in da hali. Wanda yake cikin waɗannan ya gaya wa likita tun kafin a fara. Amma mai tsohon ciko lafiyayye kada ya je a tone shi don tsoro, wajen tonewar ne ake ƙara cinye haƙorin, tururin zaibar ma ya tashi. Talakan da amalgam kawai zai iya biya ya yi abinsa, bai yi laifi ba, kuma kada ya ci bashi don kunyar launi a haƙorin da ba mai leƙawa.

Alwala da wanka sun inganta da ciko a baki. Azumi ma ba ya karyewa matuƙar ba a haɗiye ruwa ko jini ba, kodayake wanda zai iya ɗagawa zuwa bayan shan ruwa ya fi samun natsuwa.

Wallahu a'alam.